Wai da gaske ne intanet ta ƙarƙashin teku yake bi?

Sabon_Ɗalibi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ina da tambaya ga masanan da ke zauren nan. Ana cewa wai idan saƙo zai tsallaka daga wata nahiya zuwa wata ba ta sama yake bi ba, wasu wayoyi ne aka shimfiɗa a ƙasan teku. To abin da ya ɗaure min kai, wayar hannuna ba a jone take da komai ba, ta iska take kama sabis, a ina kuma teku ya shigo maganar? Sannan wa zai iya jan waya tun daga Turai har Amurka a cikin ruwa, kuma ruwan bai lalata ta ba? In kuwa gaskiya ne to mene ne aikin taurarin ɗan'adam ɗin da ake ta harbawa?

Kuma duk wanda ya san wani abin mamaki irin wannan na kimiyya ko aikin injiniya ya taimaka ya zubo mana mu ƙaru, amma don Allah wanda yake tabbas, ba irin na "an ce" ba. Na gode.

Mai_Sadarwa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Maganar nan gaskiya ce ba ƙari a ciki. Sama da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka teku tsakanin nahiyoyi ta kebul ɗin ƙasan ruwa suke wucewa. Wayar hannu ce ke rikita mutane, ita tafiyar iskar da kake gani 'yar gajeruwa ce, daga hannunka zuwa turken sabis mafi kusa da kai shi ke nan. Daga can galibi sai saƙon ya sauka ya shiga waya ya yi ta bin ta gari bayan gari har bakin teku inda tashar kebul take, sai ya nutse. Irin waɗannan kebul yanzu sun haura 500 a duniya, in ka haɗa tsawonsu ya wuce kilomita miliyan ɗaya, wato ya isa a naɗe duniya da shi fiye da sau 25.

Abin da ya fi burge ni ma ba tsawon ba ne, abin da ke ciki ne. Ba wutar lantarki ce ke ɗaukar saƙon ba, haske ne. A tsakiyar kebul ɗin akwai wasu 'yan zaruruwan gilashi, kowanne kusan kaurin gashin kai, sai a sa fitilar lesa a bakin zaren tana sarrafa haske sau biliyoyi a cikin sakan ɗaya, hotonka da muryarka da bidiyon da kake kallo duk sai an mayar da su wannan hasken kafin su tsallaka. Akwai wani kebul mai suna MAREA da Microsoft da Facebook suka sa kuɗi aka shimfiɗa, aka gama a 2017, ya tashi daga Virginia Beach a Amurka zuwa Bilbao a Sifaniya, kimanin kilomita 6,600, kuma zaruruwan gilashin da ke ciki 16 ne kacal. Sauran duk abin da ka gani a jikinsa kariya ce, wayoyin ƙarfe don ƙarfi, sai tagulla, sai roba mai kauri da ke hana ruwa shiga. A can tsakiyar teku inda zurfi ya kai kilomita 4 ko 5 kaurin kebul ɗin gaba ɗaya bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kuma ba binne shi ake yi ba, jirgin ruwa ne ke tafiya a hankali yana sakinsa ta baya yana sauka yana kwanciya a ƙasa. Sai an matso kusa da gaɓa ne ake ƙara masa sulken ƙarfe, jirgin ya ja wata ƙatuwar garma a ƙasan ruwa tana tsaga ƙasa tana binne shi, saboda nan ne masunta da jirage suke.

Ita kuma tagullar aikinta kai wuta. Haske yana raguwa in ya yi nisa, don haka duk bayan 'yan gomman kilomita akwai na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, kuma daga tashoshin bakin teku ake tura mata wuta ta cikin tagullar nan. Ana ƙera su ne su yi shekara 25 a ƙasan ruwa ba wanda ya leƙa su. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai na ji ina girmama masu aikin nan.

Kuma fa ba sabon abu ba ne. Tun 1858 aka fara ja wa tekun Atlantika waya, daga Ayilan zuwa Newfoundland da ke Kanada a yanzu, lokacin ta talgiram ce. Sarauniya Biktoriya ta aika wa shugaban Amurka James Buchanan gaisuwa mai kalma 98, sai da ta ɗauki kusan awa 16 kafin ta gama isa. Bayan kamar mako uku wayar ta mutu, don mai kula da lantarkinta ya riƙa ɗura mata wuta fiye da ƙima yana neman saƙo ya yi sauri. Ba su haƙura ba, a 1866 wani makeken jirgi Great Eastern ya shimfiɗa wadda ta zauna. Na gilashi kuwa sai a 1988 aka fara tsallaka Atlantika da shi. A da can gilashin da ake da shi haske ba ya wuce 'yan mitoci a ciki yake mutuwa, wani masani Charles Kao ne a 1966 ya nuna cewa laifin dattin da ke cikin gilashin ne ba gilashin kansa ba, in aka tace shi sosai haske zai yi nisa. Yanzu bayan kilomita 15 a cikin zaren kusan rabin hasken na nan. An ba Kao kyautar Nobel a 2009.

Sai_Na_Gani:

Malam na ji bayaninka kuma Allah ya ƙara basira, amma ni fa har yanzu da sauran magana. In dai tauraron ɗan'adam zai iya watsa tashoshin talabijin ga nahiya guda a lokaci ɗaya, me zai hana a ɗora masa intanet ɗin gaba ɗaya a huta da wahalar jan waya a ruwa? Ga Starlink nan ma, mai kawo intanet ta taurarin ɗan'adam, yana aiki ba kebul ba komai. Ni gani nake kamfanonin ne dai sun riga sun zuba kuɗinsu a teku ba sa so a bar shi.

Malamar_Fiziks:

Ɗan uwa Sai_Na_Gani tambayarka a kan hanya take, amma ba maganar kare jari ba ce, lissafi ne. Talabijin abu ɗaya ake watsa wa kowa, mutum miliyan na kallon tasha ɗaya saƙo ɗaya ne ya sauko. Intanet kuwa kowa da abin da yake nema, miliyan ɗin nan saƙo miliyan ne daban-daban, kuma abin da kebul ɗaya na zamani ke ɗauka a sakan ya ninka na babban tauraro guda sau ɗaruruwa. Sai kuma nisa. Taurarin da ke tsaye saitin wuri ɗaya suna can kilomita 35,786 sama, saƙo ya hau ya sauko ya yi kusan kilomita 72,000, amsa ma ta yi haka, kafin ka ji komai kusan rabin sakan ya tafi ko da gudun haske ake yi. Shi ya sa in ana hira da ɗan jarida ta tauraro za ka ga ya yi shiru yana gyaɗa kai kafin ya amsa. Ta kebul kuwa zuwa da dawowa a Atlantika bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Starlink ya rage wannan matsalar don nasa taurarin suna ƙasa-ƙasa wajen kilomita 550, amma su ma a ƙarshe tashar ƙasa suke sauke saƙon ya shiga zaren gilashi. Amfaninsu babba ne ga jirage da ƙauyuka masu nisa da wuraren da bala'i ya katse, ban raina su ba ko kaɗan.

Tunda an zo kan taurari bari in kawo nawa abin mamakin, wanda kullum in na koyar da shi sai aji ya yi tsit. GPS ɗin da ke wayarka ba ya aika wa tauraro komai, saurare kawai yake. Taurarin suna kilomita 20,200 sama, kowanne ɗauke da agogon atam, wato agogo mai matuƙar daidaito, ba abin da yake yi sai shela, ni ne wane, ina wuri kaza, yanzu lokaci kaza. Wayarka ta duba jinkirin da kowace shela ta yi kafin ta iso, ta gane nisanta da kowane tauraro, in ta samu huɗu sai ta fitar da inda kake tsaye. Wato duk abin agogo ne. Haske na cin mita 300 a cikin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, don haka kuskure ɗan mitsitsi a agogo ya isa ya jefa ka wata unguwa.

To ga inda abin yake. Lokaci a can sama ba daidai yake tafiya da na ƙasa ba. Ba agogon ne ya lalace ba fa, lokacin ne kansa. Einstein ya faɗi haka a ƙa'idojinsa biyu, ta 1905 da ta 1915, abu in yana gudu sosai agogonsa na jinkiri, in kuma ya yi nisa da jan duniya agogonsa na sauri. Taurarin GPS na gudun kusan kilomita 14,000 a awa, wannan na ja musu baya da kashi 7 cikin miliyan na sakan kullum, nisansu da ƙasa kuma na tura su gaba da kashi 45, in ka cire saura 38. Kamar ba komai ba ko? To ninka 38 da mita 300, ka ga sama da kilomita 10 ke nan na kuskure a rana ɗaya, gobe ya ƙaru. Saboda haka tun kafin a harba tauraron ake saita agogonsa ya ɗan yi nawa, yadda in ya hau sama zai zo daidai da namu. Mutumin ya rasu a 1955, tauraron GPS na farko sai 1978 aka harba, amma ga lissafinsa nan yana aiki duk sanda ka buɗe taswira. Wallahi abin nan yana taɓa ni sosai.

Tsohon_Magini:

Sannunku yara da malamai, ni ba na sama ba na ruwa, na ƙarfe da kankare ne nawa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kowa ya ji wannan a makaranta amma sai ka yi aiki da shi kake sanin ba wasa ba ne. Ƙarfe mai tsawon mita 100 in zafi ya ƙaru da digiri 30 zai ƙara kusan santimita 3 da rabi, kuma in ka tare shi ba ka bar masa wuri ba to sai ya lanƙwashe ko ya fasa abin da ya tare shi. Wannan tsagar mai haƙoran ƙarfe da kuke ji taya na bugawa a farkon gada da ƙarshenta da gangan aka bar ta, wurin numfashin gadar ke nan, da rana tsaka ka je ka duba za ka ga ta matse, da asuba ta buɗe. Hasumiyar ƙarfe ta Eiffel da ke Paris tun 1889 take tsaye, da zafi tana iya ƙara tsawon da ya kai santimita 15, har takan ɗan karkata don ɓangaren da rana ke duka ya fi ɗayan miƙewa.

Amma wanda nake so matasa masu shiga aikin gini su riƙe shi ne wannan. Rodi da kankare kusan daidai suke miƙewa in zafi ya taso. Ba wanda ya tsara haka, haka aka same su. Da ɗaya ya fi ɗaya miƙewa sosai da duk rani sai rodin ya ɓalle daga jikin kankaren, da ba bene ba gada ba dam irin waɗanda muke gani. Shi kankare gwani ne wajen ɗaukar danni amma ba ya jure ja, rodi kuma ja ne aikinsa, sai ga shi zafi ma bai raba su ba. Ikon Allah ke nan.

Ƙarin biyu a gurguje. Gadar Humber a Ingila da aka buɗe a 1981, ginshiƙanta biyu kowanne a miƙe yake sak, amma tazarar da ke tsakaninsu a sama ta fi ta ƙasa da milimita 36, saboda doron duniya a lanƙwashe yake kuma gadar ta yi tsawon da abin zai nuna. Sai gadar Akashi Kaikyo a Japan, ana cikin gina ta girgizar ƙasar Kobe ta auku a Janairun 1995, ƙasa ta matsar da ginshiƙan suka ƙara nisa da kusan mita ɗaya. Ba su faɗi ba, injiniyoyi suka sake lissafi, tsakiyar da aka tsara mita 1,990 ta koma 1,991, aka buɗe ta a 1998.

'Yar_Taurari:

Baba Magini Allah ya ƙara lafiya, wannan na rodi ban taɓa jin sa ba. Nawa gajere ne. Kumbon Voyager 1 tun 1977 aka harba shi kuma har yanzu yana magana da duniya daga nisan da ya wuce kilomita biliyan 24, saƙonsa na ɗaukar sama da awa 22 kafin ya iso, kuma na'urar da yake aikowa da ita ƙarfinta wajen wat 23 ne kawai. Da wasu manyan faranti masu faɗin mita 70 ake kama shi, a Amurka da Sifaniya da Ostireliya. A ƙarshen 2023 wani ɓangare na ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ya lalace ya koma aiko da shirme, injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, suka zauna suka gano inda matsalar take, suka rarraba manhajar zuwa sauran wuraren da ke da lafiya, duk umarnin da suka tura sai sun jira kusan kwana biyu kafin su ga amsa, a Afrilun 2024 ya dawo hayyacinsa. Gyaran kwamfutar da ba wanda zai sake taɓa ta da hannu har abada!

Sabon_Ɗalibi:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Mai_Sadarwa saura guda ɗaya don Allah, in kebul ɗin ya tsinke a tsakiyar teku fa? Ta yaya ake sanin wurin, kuma wa ke nutsewa ya ɗaura? Na kuma ji ana cewa kifin shak na cizon su.

Mai_Sadarwa:

Suna tsinkewa kam ƙanina, fiye da sau 100 a shekara a faɗin duniya, ba ka ji ne kawai don in ɗaya ya yanke nan take ake karkatar da saƙonni ta wasu. Maganar shak an taɓa ganin haka amma ba a bakin komai take ba, mafi yawan ɓarnar daga kayan kamun kifi ne da ake ja a ƙasan ruwa da kuma anga ta jirage, sai girgizar ƙasa da zaftarewar ƙasa a cikin teku. Wanda ke shan wahala shi ne mai kebul ɗaya tal. Ƙasar Tonga da ke tekun Fasifik haka ta faru da ita, dutse mai aman wuta ya fashe ranar 15 ga Janairun 2022 ya yanke kebul ɗin da ya haɗa ta da Fiji, sai da suka yi kusan mako biyar kafin a gyara, mutane na waje ba su san halin da danginsu ke ciki ba a kwanakin farko. Abin tausayi ne sosai.

Gano wurin kuwa daga tudu ake yi. Sai a harba haske cikin zaren daga tasha, in ya je inda ya karye wani ɓangarensa ya dawo, a auna lokacin da ya ɗauka, tunda an san gudun haske a gilashi kusan kilomita 200,000 ne a sakan sai lissafi ya nuna kilomita nawa ne daga gaɓa. Akwai jiragen gyara da ke zaune a tashoshi daban-daban na duniya ba su da aiki sai jiran irin wannan kiran.

Kuma ba mai nutsewa, wannan zurfin ba na ɗan'adam ba ne. In ruwan bai yi zurfi sosai ba akan tura na'ura mai kyamara da hannuwa, in ya yi zurfi kuwa sai a saki ƙugiya da doguwar igiya, jirgin ya riƙa jan ta a hankali tana gittawa ta kan layin kebul ɗin har ta kamo shi, saukar ƙugiyar kaɗai na iya cin awoyi. Ba a iya ɗago shi a haɗe don ba shi da rarar da zai kai sama, dole a raba shi biyu, a ɗago baki ɗaya a yanke inda ruwa ya shiga a gwada shi a toshe a ɗaure masa abin da zai riƙe shi a saman ruwa, a koma a kamo ɗaya bakin a jona masa sabon guntu daga wanda jirgin ya zo da shi, sannan a ja a zo a haɗa da na farkon. Haɗin shi ne aikin haƙuri, a cikin wani ɗaki mai tsabta a jirgin ake yi, ma'aikaci ya feɗe kebul ɗin har ya kai ga gilashin, ya goge kowane zare ya yanke bakinsa daidai, ya sa biyun a na'urar da ke saita su ta narka su da tartsatsin lantarki su zama ɗaya, zare bayan zare, jirgi na ta rawa a kan igiyar ruwa, ƙura ɗaya ta shiga sai an sake. Haɗi ɗaya na iya cin yini ko fiye. In an gama tashoshin ɓangarorin biyu su gwada su ce haske na wucewa, sai a sauke shi a hankali, kuma da yake yanzu ya fi da tsawo, rarar a gefe ake kwantar da ita a ƙasan tekun don kar ta nannaɗe.